Maganaɗisu Huɗu Daga Japan Zuwa Jiratawa

Tun da na dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da zarar na zauna a fadarmu ta bakin titi a unguwar Zariya, kafin a zuba kofin farko wani zai ce, "Mushe Laminu, ƙaƙa Japan?" A lise, makarantar sakandaren da nake koyarwa, ma haka ne, har mai gadi ya tare ni yana tambaya ko gaskiya ne ɗanyen kifi suke ci. Na gaji da cewa lafiya lau, domin ba lafiya lau ba ce. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Ga wanda bai san ni ba, malamin kimiyyar fizik ne ni a wata lise a nan Maraɗi, inda Mushe ake kiran malamin boko, amma asalinmu Jiratawa. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona guda a cikin fadamar noman rani, yayana Habu ke nomanta: zogale, albasa, da ɗan tattasai. Mutum goma sha biyu ne ke shan ruwa daga famfo ɗaya, famfon kuma da kuran, wato lantarki, yake aiki, kun dai san halin kuran idan rana ta take. Na farko a layi ya shayar da gonarsa har ta ƙoshi, na ƙarshe ya tsaya da fartanya yana kallon busasshiyar hanyar ruwa. Tun zamanin iyayenmu da ƙuri'a ake raba layin a farkon kowane zangon noma. A rubuta lambobi, a nannaɗe, a zuba a hular shugaban ƙungiya, Alhaji Tanko, kowa ya sa hannu. Zango uku a jere Yaya Habu na ɗauko wutsiya, lambar ƙarshe.

Ni dai ban ga an yi maguɗi ba, kuma ba zan ce an yi ba. Shi kuwa Yaya Habu ya haƙiƙance akwai wani naɗin takarda da wasu suka gane. A taron da aka yi bayan girbi ya tashi ya rantse. "In wutsiya ta sake hwaɗo mani, wallahi na bar gonar ga, in tahi arewa wurin haƙar zinari." Mutum mai shekara hamsin, ga ciwon baya.

A nan ne bakina ya ja mini. Na ce a yi karɓa-karɓa, dattawa suka ce an taɓa gwadawa, da sanduna aka tashi. Wani ya ce a sa waya ta yi zaɓen, sai malantar ta motsa mini, na miƙe na yi musu darasi cewa zaɓen waya lissafi ne da wani ya rubuta, wanda ya san lissafin ya san abin da zai fito. Alhaji Tanko ya gyara zama ya ce, "To Mushe, ka kashe hula, ka kashe waya. Mi za a yi?" Na ce zan je wata ƙasa inda ake ƙera abin da ke zaɓe ba da hannun kowa ba, wanda ya ƙera shi ma bai san abin da zai zaɓa ba, kuma zan kawo shi kafin ƙuri'ar bazara. A gaban mutum goma sha biyu na faɗa, aka shafa fatiha a kai.

Ba ƙarya na yi ba. Shekara uku ina rubuta wa wani tsohon farfesa a Japan wasiƙa ta intanet, ina aika masa lissafin da nake yi a tsohuwar ordinater ɗina, wato kwamfuta, a kan irin aikinsu. Sai a shekara ta uku ya amsa da gayyata ta mako shida, wani shiri na malaman kimiyya ya ɗauki nauyin tafiyar. Neman biza kaɗai ya isa labari, amma ba shi kuka tambaya ba.

Ranar tafiya da safe na hau mota zuwa Ɗan Isa, bakin iyakar Najeriya, domin ta Kano jirgina zai tashi. Yaya Habu ya zo tasha da ƙullin busasshen zogale daga gonar, ya ce in kai wa farfesa ya ga abin da ake faɗa a kai. Matata Rakiya kuma ta naɗe mini kilishi mai yawa, wai kada yunwa ta kashe ni a ƙasar kifi. A bakin iyaka wani jami'i ya juya fasfona ya ce me zan je yi. Na fara masa bayanin maganaɗisun da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ya dube ni tsawon lokaci, ya ce wa abokin aikinsa, "Wannan malamin makaranta ne, buga masa ya wuce kafin ya ba mu jarrabawa." Daga Jibiya zuwa Katsina tayarmu ta fashe sau biyu, a Kano kuma na kwana a gidan wani ɗan'uwan Rakiya da ke Fagge, wanda ya yi ta gabatar da ni ga maƙwabta a matsayin likita.

Jirgi biyu na hau, na sauka Adis Ababa na canja. Ba zan ɓata muku lokaci da gajimare ba. Ƙafafuna sun kumbura, na rasa gane lokacin salla, na yi ta ramuwa ina roƙon Allah Ya karɓa. Da muka sauka, ina jiran jakata, sai ga wata mata da ɗan ƙaramin kare sanye da riga, ya zo ya zauna daidai gindin jakar. Ina ƙoƙarin korarsa kada ya lasa mini kaya, ashe ma'aikaci ne, ya fi ni matsayi a wurin. Aka buɗe jaka, aka fito da kilishin Rakiya. Mutumin ya sunkuya mini sau uku, ya ba ni haƙuri da murya mai taushi, ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu, ya ɗauke shi gaba ɗaya. A duk rayuwata ba a taɓa raba ni da abinci cikin ladabi irin haka ba. Zogalen dai sun juya shi, sun shinshina, sun bar mini.

Garin da na je yana arewa, kuma lokacin sanyinsu ne, ƙanƙara har idon sawu. Takalmin fata na Maraɗi ya kayar da ni sau biyu tsakanin tashar jirgin ƙasa da masauki. Ɗakin da aka ba ni bai kai kicin ɗin Rakiya ba, in na miƙe hannu biyu ina taɓa bango da bango. Abin da ya burge ni shi ne makewayi, mai maɓallai kamar gaban mota, kuma yana yi maka tsarki da ruwan ɗumi. A wannan kam mun yi tarayya da su, sun san darajar ruwa a wurin. Sun kuma san cire takalmi a ƙofa, kamar gidan Inna mahaifiyata.

Sauran kuwa sai haƙuri. Ranar farko na shiga jirgin ƙasa na yi wa mutanen ciki sallama, ba wanda ya ɗaga kai, tarago cike da mutane amma shiru kamar gidan makoki. Mako shida ba wanda ya tambaye ni ya iyali, ya gajiya, ya sanyi. Ba mugunta ba ce, su a wurinsu shiga sha'anin mutum ne rashin kunya. Amma ni da na saba gaisuwa ta ci minti biyar kafin a zo ga magana, sai na ji kamar ba a gan ni ba. Abinci kuma shinkafa ce fara ƙal, ba mai ba gishiri, tana manne da juna. Kifin ɗanye gaskiya ne, na kai baki sau ɗaya don kunya. Tsoron naman alade ya sa na zauna a kan shinkafa da ƙwai har wandona ya fara zamewa.

Farfesan ɗan tsamurmurin tsoho ne, gashinsa fari fat, yana magana a hankali da Ingilishi. Nawa Ingilishin na kasuwar Jibiya ne, muka dai lallaɓa. Na miƙa masa zogale da hannu biyu kamar yadda na ga suna yi, ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye bai buɗe ba. Ya haɗa ni da wata mai bincike, Keiko, mace mai kamar shekara talatin da biyar, wadda ba ta dariya sai an gama aiki. Ita ta shigar da ni labo, ɗakin gwaje-gwajensu. Kafin ka shiga sai an lulluɓe ka da farin kaya daga kai har tafin ƙafa, ido kaɗai a waje. Da na ga kaina a madubi sai likkafani ya faɗo mini a rai, na yi saurin kawar da kai.

Bari in faɗa muku abin da suke ƙerawa, yadda nake faɗa wa ɗalibaina. Maganaɗisu ne guda biyu, ƙanana ƙwarai, in ka jera dubu ɗaya da ƙyar su cika faɗin gashin kai. Ɗaya an kafe shi, ba ya motsi. Ɗayan an sake shi, tsakaninsu kuma wani siririn bango da wuta ke iya ratsawa. Idan sakakken ya fuskanci inda kafaffen ya fuskanta, wuta ta wuce da sauƙi, na'ura ta karanta ɗaya. Idan ya juya baya, wuta ta wuce da ƙyar, ta karanta sifiri. A ordinater ta yau da kullum so ake ya tsaya inda aka ajiye shi, don kada abin da ka adana ya ɓace. Su kuwa da gangan suke rage masa ƙarfi har zafin ɗaki kaɗai ya riƙa juya shi, gaba, baya, gaba, gaba, baya, ba tsari, ba wanda ya san na gaba. Idan aka haɗa da yawa, kowanne yana ɗan jan ra'ayin ɗan'uwansa, sai su riƙa lalube cikin amsoshi masu yawa har su faɗa kan mai kyau, a irin matsalolin da ordinater ke daɗewa tana bi ɗaya bayan ɗaya.

Duk damuwarsu sauri ce. Wanda ke juyawa sau dubu a sakan ɗaya malalaci ne a wurinsu, miliyoyi suke nema, har fiye. Ranar da Keiko ta kunna mini allon awo na ga layin yana tsalle sama da ƙasa, abin da na yi shekara uku ina lissafawa a takarda ban taɓa gani ba, hawaye suka cika mini ido a cikin likkafanin nan, ba halin sharewa.

Ta ɗaura mini wata igiya a wuyan hannu, ɗayan bakin a jikin tebur, kamar akuyar da ake tsoron ta shiga gonar mutane. Ta ce ɗan tartsatsin nan da ke cizon yatsa idan ka taɓa ƙofar mota a busasshiyar iska ya isa ya huda bangon nan. "Kada ka taɓa ƙafafun ƙwayar da maganaɗisun ke ciki da hannu. Ko sau ɗaya." Na ce na ji. A mako na biyu sanyi ya sa na shigo da rigar ulu, na manta igiyar, na kai hannu. Ban ji komai ba, amma layin da ke tsalle ya kwanta ya miƙe. Keiko ta duba, ta rubuta wani abu a kayenta na rubutu, ta ce, "Ya mutu." Ba wanda ya yi mini faɗa. Da a gida ne da an zage ni na huta, a can shirun ya bi ni har kwana uku.

A mako na huɗu na kwaɗanta ɗan zogalen da na rage a jakata da gyaɗar da na samo a kanti, na kai wa Farfesa ofis, tunda na ga ba shi da niyyar buɗe ƙullin. Ya ci cokali biyu, ya ce yana da ɗanɗanon shayinsu. A nan na kwashe labarin Jiratawa na ba shi, da famfon, da hular, da rantsuwar Yaya Habu. Ya ce ai kwabo ma zai yi wannan aikin. Na ce kwabo da hannu ake jefa shi, mutanena kuma hannu ne ba su yarda da shi ba. Ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa. Sannan ya ce, "Na'urar za ta yi muku adalci. Amma cikin goma sha biyu, dole wani ya zo na ƙarshe." Na ji maganar da kunnena, na ce haka ne, na wuce ta. Hankalina na kan yadda zan roƙe shi ya ba ni guda.

Ban ma roƙa ba. Akwai wani akwati a labo da suke zuba waɗanda suka gaza, masu jinkirin juyawa. Keiko ta tsamo ƙwaya ɗaya daga ciki, baƙa, tsawon babban yatsa, da siraran ƙafafu na ƙarfe jere a gefe biyu kamar shanshani. Maganaɗisu huɗu ne masu rai a cikinta. Jinkirin da ya sa suka yar da su shi ne ya dace da ni, domin ƙaramin allo mai batir zai iya karanta su, ba sai babbar na'ura ba. Ta haɗa mini allon da hannunta, da fitila kore da ja, ta nuna mini yadda za a ciro lamba ɗaya zuwa goma sha biyu daga juyin. Farfesa ya ce abu ɗaya yake so, in auna masa yadda suke sauri a zafin Maraɗi in aiko. Aka sa ƙwayar a wata ƴar jaka mai ruwan azurfa da ke kare ta daga tartsatsi, aka miƙo mini da hannu biyu. Abin da suka zubar ne, amma ban taɓa riƙe abin da ya kai shi daraja a wurina ba.

A aljihun ƙirji na sa ta. Na tsallake filin jirgi uku da ita, ina roƙon masu bincike kada su buɗe. A Ɗan Isa wani ɗan duwan mai binciken kaya ya miƙo hannu zai zaro ta, na riƙe wuyan hannunsa ban sani ba, sai da direbanmu ya sa baki aka yi sulhu. A kan kabu-kabun da ya kawo ni Zariya hannuna ɗaya na kan aljihu, har mai babur ya tambaya ko ciwon zuciya gare ni.

Ranar Alhamis da hantsi na haɗa ta a tsakar gida, na ɗaura waya daga hannuna zuwa bututun famfo a madadin igiyar Keiko. Fitilun suka kama, kore, ja, ja, kore, suna ƙiftawa har ido ba ya bi. Sun fi yadda suke a Japan sauri, zafinmu ya karɓe su. Rakiya ta tsaya da ludayi a hannu ta ce, "Wanga shi anka ƙwace mani kilishi dominshi?" Na kira Yaya Habu na ce ya kwantar da hankalinsa, ranar Lahadi ba hular kowa. Wannan Alhamis ita ce rana mai daɗi guda ɗaya a duk labarin nan.

Juma'a na tafi Tibiri gaida Inna, can ta koma cikin danginta tun rasuwar mahaifinmu. Allon na bari a gida, ƙwayar kuma na mayar jakarta na sa a aljihu, domin na saba, kuma ina so in nuna mata. Bayan ta gama shafa kaina tana cewa na rame, na zaro jakar. Ana hango abin da ke ciki dishi-dishi.

"Inna, ga abin da na tahi nema. Shi zai raba hwaɗan ruwa, Yaya ya zamna gida."

Ta karkata kai. "Wanga ɗan abu? Kuma a ƙirji kaka yawo da shi?"

"Tun daga can, Inna. Ba ya son hannu, ba ya son wahala. Sai an tsare shi ƙwarai."

"Da waɗanga ƙayoyi? Auta, ai sai su soke ka."

Na yi dariya na ce ba sa suka. Ban ƙara bayani ba, ina ganin me tsohuwa za ta gane a tartsatsi. Lokacin masallaci ya yi, ta fito mini da babbar rigar mahaifinmu da take ajiye mini, na tuɓe tawa, da jakar a aljihu, na rataye a ƙusar ɗakinta. Na ce a raina ba inda ya fi ɗakin uwa tsaro. Bayan salla kawuna ya ja ni gaisuwar mutuwa, domin mutum uku suka rasu a dangi ina can, kuma ba a dawowa daga tafiya a tsallake gida ko ɗaya. Sai bayan la'asar na shigo.

Na tarar da ita zaune a kan tabarma, fuskarta cike da fara'a, hannunta a rufe. Ta ce in sunkuyo. Ta rataya mini wani abu a wuya. Laya ce ta jar fata, sabuwa, ɗinkin ya yi kyau, har da ɗan ado na kore a gefe.

"Na kai wa Ɗan Jimma baduku," in ji ta. "Na ce mashi abin tsari ne daga nesa, ɗana shina yawo da shi cikin leda kamar goro. Ledar ta yi girma, ya hidda ta. Ƙayoyin ma duk ya datse su da almakashi, ya goge wurin sumul. Yanzu ko barci kaka yi ba abin da zai soke ka, kuma ba hannun da zai taɓa shi."

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Na shafa layar da yatsa. Maganganu suka zo mini baki, irin waɗanda in na faɗa wa Inna ba zan sake ganin daidai ba. Ita kuwa tana dubana tana jiran godiya, ta yi tattaki a rana da ciwon gwiwa, ta tsaya a kan baduku har ya gama. Abin da na ce a tsare, ta tsare shi da iyakar saninta. Na ce, "Na gode, Inna. Allah Ya ƙara girma." Ta ce amin, ta tashi ta zubo mini fura.

Asabar na wuni a rumfar wani mai gyaran waya a kasuwa. Muka farke ɗinkin a hankali, muka manna siraran wayoyi a guntayen ƙafafun da suka rage, ɗaya bayan ɗaya. Huɗun duka layinsu a kwance, bangon ya huje, ko a hannun Inna, ko a hannun baduku, ko a bakin almakashi. Mai gyaran ya ga fuskata ya ce, "Mushe, ai wanga mai sauƙi na. In sa maka fitilun su riƙa ƙibtawa da kansu, wa zai gane a Jiratawa? Har lamba ɗaya sai mu hiddo ma yayanka." Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunani, kuma na daɗe ina yi. Sai na tuna ni ne na tsaya a gabansu na ce wanda ya san lissafi ya san abin da zai fito. Na ce ya mayar mini da ita cikin fatar kawai.

Lahadi da safe na isa Jiratawa. An share gindin bishiyar da ake taro, har da mutanen da ba su da gona a layin sun zo kallo. Na tsaya na ce na kawo abin, ya yi aiki rana ɗaya, ya mutu a hannuna. Ban ambaci Inna ba. Wani ya yi tsaki, wani ya ce dama. Yaya Habu bai dube ni ba. Alhaji Tanko ya cire hularsa ya juya ta a hannu, sannan ya mayar kansa.

"Tunda tawa ba a yarda da ita ba, a yi da taka, Mushe. Kai za ka rubuta, kai za ka naɗe, kai za ka riƙe."

Na yage takarda daga kayena, na yanka goma sha biyu daidai wa daida, na naɗe su iri ɗaya a gaban kowa. Na zuba a hulata na girgiza har hannuna ya gaji. Na rantse muku ba a taɓa yin ƙuri'a mai tsabta irin wannan ba a gindin bishiyar nan. Aka ce Yaya Habu ya fara ɗauka, don kada ya ce an bar masa saura. Ya sa hannu, ya ciro, ya miƙo mini in karanta, domin shi bai yi lakkol ba, bai iya boko ba.

Goma sha biyu ce, da rubutun hannuna.

Bai yi faɗa ba, wannan karon ba wanda zai zarga. Ya ce, "To, Allah Ya yi." Ya saɓa fartanyarsa ya bi ta cikin zogalen ya tafi gida. A nan maganar Farfesa ta dawo mini, ta zauna daram. Da ƙwayar na da rai, da fitilunta sun yi ta ƙiftawa, mutane su yi ta mamaki, kuma tana iya ba shi wannan lambar dai. Na tsallake rabin duniya neman hannun da ba ya cuta, alhali ruwan ne bai isa mutum goma sha biyu ba.

Bayan kwana tara na raka shi tashar motocin Agadas. Ya ce in riƙa leƙa iyalinsa, in kuma ce wa Inna kasuwanci ya tafi. Gonar tana nan, na je makon jiya, zogalen ya zubar da ganye ya bar sanduna. Keiko ta rubuto sau biyu tana tambayar awon zafin Maraɗi, na buɗe wasiƙar na rufe, har yau ban san da wane Ingilishi zan fassara mata baduku ba.

Wannan ita ce Japan da kuke tambaya. Jar igiyar da kuke gani a wuyana kuna zolayata wai malamin fizik ya koma ga laya, ita ce tsarabar. Ina sa ta ne domin duk Juma'a Inna na laluba ƙirjina ta ji ko tana nan. Abin da ya fi ci mini rai kuwa na san shi ne a matsayina na malami: bangon ne ya huje, maganaɗisun ba abin da ya same su. Suna nan cikin fatar su huɗu, zafin jikina na juya su gaba da baya, suna ta zaɓe dare da rana, ba mai iya karantawa.